Ibn Sina: Likitan da Ya Rubuta Amfanin Zuma ga Fatar Fuska Shekara Dubu da Ta Wuce

Cikin tambayoyin da suka fi yawan zuwa mana game da gyaran fata akwai ta zuma: shin tana kawar da kurajen fuska, tana goge tabo, tana sa haske? Tambayar tsohuwa ce ƙwarai. Kusan shekara dubu ke nan da wani likita ya ware wa zuma babi a littafinsa, ya lissafa abin da take yi wa fata da miki, kuma a cikin littafin ya shimfiɗa sharuɗɗan da za a bi kafin a yarda cewa wani abu magani ne. Likitan shi ne Abu Ali Husaini ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibn Sina, Turawa kuma suke kiransa Avicenna. Idan kun san rayuwarsa da yadda ya yi aikinsa, za ku fi iya tace maganganun da kuke ji a kasuwa da kafafen sada zumunta game da shafa zuma a fuska.

Haihuwa da tasowa

An haifi Ibn Sina wajen shekarar 980 Miladiyya, wato 370 Hijiriyya, a ƙauyen Afshana kusa da Bukhara, a ƙasar Uzbekistan ta yau. Mahaifinsa mutumin Balkh ne, ma'aikacin daular Samaniyawa, wanda aka ba shi riƙon wani gari a yankin. Sunan mahaifiyarsa Sitara. Yana ƙarami iyalin suka koma cikin birnin Bukhara, wanda a lokacin cibiyar ilimi ce cike da malamai da kasuwar littattafai.

Yana da shekara 10 ya haddace Alƙur'ani, ya kuma yi nisa a adabin Larabci. Mahaifinsa ya tura shi wurin wani mai sayar da kayan lambu ya koyi lissafin Indiyawa, irin wanda muke amfani da lambobinsa yau. Ya karanci fiƙihu wurin Isma'il Az-Zahid, sannan aka sauke wani malami mai suna Abu Abdullahi An-Natili a gidansu don ya koya masa manɗiƙi da ilimin aune-aune. Ba a daɗe ba ɗalibin ya wuce malamin, har ya koma shi ke warware masa wuraren da suka shige masa duhu.

Kada ku ɗauka komai ya zo masa da sauƙi. A tarihin rayuwarsa da ya shifta wa ɗalibinsa, ya faɗi cewa ya karanta littafin Aristotal kan abin da ke bayan ɗabi'a sau 40 har ya haddace shi, amma bai gane manufarsa ba. Wata rana a kasuwar littattafai wani dillali ya matsa masa ya sayi wani ɗan ƙaramin littafi na Al-Farabi a kan dirhami 3, kuma wannan littafin ne ya buɗe masa abin da ya rufe. Washegari ya yi sadaka mai yawa don godiya ga Allah. Ya kuma ambaci cewa idan mas'ala ta gagare shi, masallaci yake zuwa ya yi salla ya roƙi buɗi, sannan ya dawo gida ya kunna fitila ya ci gaba da karatu.

Yadda ya shiga likitanci

Ya juya ga likitanci yana da kimanin shekara 16. Bai tsaya ga karanta littattafan Jalinus da sauran magabata ba, ya riƙa duba marasa lafiya da kansa, yana lura da abin da magani ya yi musu. Sunansa ya bazu har lokacin da Sarkin Bukhara, Nuhu ɗan Mansur, ya kwanta ciwo likitocin fada suka ambace shi, aka kira shi ya shiga cikinsu. Da sarki ya samu sauƙi, ladar da Ibn Sina ya nema ita ce izinin shiga ɗakin karatu na fada. A can ya tarar da ɗakuna da yawa, kowane fanni da ɗakinsa, akwatuna cike da littattafan da bai taɓa jin sunan wasunsu ba. Kafin ya cika 18 ya gama da mafi yawan fannonin ilimin zamaninsa.

Jin daɗin bai ɗore ba. A 999 daular Samaniyawa ta faɗi, bayan 'yan shekaru mahaifinsa ya rasu, sai ya bar Bukhara zuwa Gurganj a ƙasar Khawarizm, inda ya zauna a fadar sarkin garin tare da wasu malamai. Wajen 1012 ya sake tashi, ya ratsa garuruwan Nasa da Abiward da Ɗus, yana nufin Jurjan wurin Sarki Ƙabus mai son malamai. Kafin ya samu biyan buƙata aka tuɓe Ƙabus, ya mutu a tsare. A Jurjan ne ya haɗu da Abu Ubaid Al-Juzjani, ɗalibin da ya lizimce shi har ƙarshen rayuwarsa, wanda ta hannunsa muka samu mafi yawan labarinsa. A nan kuma ya fara rubuta babban littafinsa na likitanci.

Waziri da rana, malami da dare

Daga Jurjan ya wuce Rayy, kusa da Tehran ta yau, inda ya yi jinyar Sarki Majdud Daula da ke fama da ciwon damuwa. Daga nan sai Hamadan, inda Sarki Shamsud Daula ke fama da ciwon murɗar ciki mai tsanani, wanda likitocin lokacin ke kira ƙulanj. Ibn Sina ya yi kwana 40 a fada yana jinyarsa har ya warke. Aka naɗa shi waziri, amma sojoji suka yi masa bore, suka washe gidansa, suka nemi a kashe shi. Ya ɓuya kwana 40 a gidan wani mutumin garin, har ciwon sarki ya tashi, aka nemo shi, aka ba shi haƙuri, aka mayar da shi kan muƙaminsa.

A waɗannan shekaru rana ta aikin gwamnati ce, dare kuma na ɗalibai. Suna taruwa a gidansa, wannan ya karanta daga littafinsa na falsafa, Ash-Shifa, wancan ya karanta daga na likitanci. Bayan rasuwar Shamsud Daula a 1021 ya ƙi karɓar wazirci daga hannun magajinsa, ya ɓuya a gidan wani mai sayar da magunguna da turare, Abu Galib Al-Aɗɗar. A wannan maɓoyar, ba tare da littafi ko ɗaya a gabansa ba, yana rubuta warƙa 50 a rana. Da aka gano yana wasiƙa da sarkin Isfahan, aka kama shi aka tsare a ganuwar Fardajan wata 4. Ko a can bai ajiye alƙalami ba, har da risala kan ciwon ƙulanj ya rubuta. Daga baya ya sulale daga Hamadan cikin shigar sufaye, shi da ƙanensa da Al-Juzjani da bayi biyu, suka isa Isfahan wajen 1024. Sarki Ala'ud Daula ya karɓe shi hannu bibbiyu, kuma a nan ya yi shekarunsa mafi kwanciyar hankali.

Littafin Al-Ƙanun

Al-Ƙanun fiɗ Ɗibb, wanda aka kammala wajen 1025, ya kasu kashi 5. Na farko ya tattauna tushen likitanci da kiyaye lafiya. Na biyu ya jero magunguna ɗai-ɗai kusan 800 na tsirrai da dabbobi da ma'adinai. Na uku ya bi cututtuka gaɓa-gaɓa tun daga kai har ƙafa. Na huɗu ya ɗauki abin da bai keɓanta da gaɓa ɗaya ba, kamar zazzaɓi da kumburi da rauni da karaya da guba. Na biyar kuma na haɗe-haɗen magunguna ne.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne fanni na bakwai na kashi na huɗu, wanda ya sa wa suna Az-Zina, wato ado. A ciki ya yi bayanin gashi da zubewarsa, launin fata, tabo, warin jiki, ƙiba da rama, da farce. Har da fasali kan kare fata daga rana da iska da sanyi, abin da duk wanda ya san yadda hunturu ke busar da fuska zai gane muhimmancinsa. A wurinsa gyaran fata aikin likita ne, domin abin da ya bayyana a fuska sau da yawa yana da tushe a cikin jiki. Har yau haka likitocin fata suke kallon lamarin.

Abin da ya rubuta game da zuma

Ibn Sina ya tashi cikin al'ummar da ta san darajar zuma, kamar yadda ku ma kuka san an ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli. A matsayinsa na likita, ya tsaya ya fayyace wace irin zuma, ga wane ciwo, kuma ta wace hanya.

Ya sanya ta cikin abubuwa masu zafi da bushewa a mataki na biyu, bisa tsarin ɗabi'u huɗu da likitocin zamaninsa ke bi. Ya fifita mai zaƙi sosai da ƙamshi, mai kauri da yauƙi, wadda launinta ya karkata ga ja, ya kuma fifita wadda aka ɗiba a lokacin furanni a kan ta lokacin sanyi. Ya siffanta ta da cewa tana wanke datti, tana hana ruɓewa. A ɓangaren ado ya ambaci shafa ta don kashe ƙwarƙwata da ƙwanta, da haɗa ta da ƙusɗu don baƙin tabon fuska da Larabawa ke kira kalaf, da haɗa ta da gishiri don shacin duka da ya yi baƙi. A ɓangaren rauni ya ce tana tsabtace gyambo mai zurfi da ya yi datti, kuma wadda aka dafa ta yi kauri tana taimaka wa sabon yanka ya haɗe. Bai ɓoye illarta ba: ya yi gargaɗi kan wata irin zuma mai guba da ke juyar da hankali ta sa zufa. Yau an san wannan zumar, ana samunta a yankin Bahar Aswad na Turkiyya da tsaunukan Nepal, inda ƙudan zuma ke kiwo a furen wani tsiro mai guba.

Akwai inda ilimin zamaninsa ya tsaya. Ya ɗauki zuma a matsayin wata raɓa da ke sauka a kan furanni ƙudan zuma su tsince. Yanzu an tabbatar ruwan zaƙin fure ne ƙudan ke tsotsa, su gauraya shi da sinadaran jikinsu, su busar da shi da fikafikansu a cikin saƙa. Tsarin zafi da sanyi ma an bar shi. Amma lurar da ya yi cewa zuma na hana ruɓewa ta tsaya daram.

Abin da binciken zamani ya ƙara

Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, ruwan cikinta kuma bai cika wuce kashi 17 zuwa 18 ba. Wannan yawan sukarin yana zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin cuta har su kasa yaɗuwa. Tana kuma da ɗan tsami, tsakanin 3.2 da 4.5 a ma'aunin pH, yanayin da yawancin bakteriya ba sa so. Na uku, ƙudan zuma na zuba mata wani sinadari mai suna gulukos oksides, wanda idan zuma ta haɗu da danshi yake samar da haidirojin feroksaid kaɗan-kaɗan. An gano hakan a 1963. Zafi yana lalata wannan sinadarin, don haka zumar da aka tafasa ko aka bari a rana ta rasa wani ɓangare na ƙarfinta. Zumar manuka ta ƙasar Niyu Zilan tana da ƙarin wani sinadari, metilgilayoksal, wanda masu bincike a Jamus suka bayyana a 2008.

A kan miki, hujja tana da ƙarfi daidai gwargwado. A 1988 likitan tiyata Spencer Efem na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba ya wallafa rahoton marasa lafiya 59 masu raunuka da gyambo, mafi yawansu sun ƙi jin maganin da aka saba, kuma 58 suka samu sauƙi da zuma. Wani babban nazari na Cochrane a 2015 ya nuna ƙunar da ba ta cinye kaurin fata duka ba tana warkewa da kwana 4 zuwa 5 da wuri idan aka ɗaure ta da zuma, idan aka kwatanta da wasu kayan ɗauri na yau da kullum. Sai dai zumar da aka tanada don asibiti an tace ta, an kashe ƙwayoyin da ke cikinta da hasken gama. Ta bambanta da ta kwalbar da kuka sayo a tasha.

A kan fuska kuwa, hujjar ba ta kai haka ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2016 a Niyu Zilan, an raba mutum 136 masu kurajen fuska gida biyu. Duka suna wanke fuska da sabulu mai kashe ƙwayoyin cuta, amma rukuni ɗaya na ƙarawa da zumar kanuka. Bayan mako 12 ba a ga bambancin da za a dogara da shi ba. Dalili shi ne kurajen fuska suna farawa ne daga can cikin ƙofofin gashi, inda maiƙo da matattun ƙwayoyin fata ke toshewa, sinadaran balaga na ingiza su, zuma kuwa a sama take tsayawa. A wani gwajin na 2015 kan cutar jan fuska da ake kira rozeshiya, mai mutum 138, kimanin 1 cikin 3 na masu shafa zumar kanuka sun samu sauƙi, a kan kimanin 1 cikin 6 na masu shafa man da aka kwatanta da shi.

Abin da za ku iya tsammani daga zuma a fuska shi ne taushi da danshi, domin tana jawo ruwa ta riƙe shi a saman fata na ɗan lokaci. Wannan na da amfani a lokacin hunturu. Ba ta canza launin da aka halicce ku da shi, ba ta cike ramin da kuraje suka bari, kuma ba ta maganin makero ko ƙyasbi, waɗanda ke buƙatar maganin fangas.

Sharuɗɗansa bakwai

A farkon kashi na biyu na Al-Ƙanun, Ibn Sina ya kafa sharuɗɗa 7 na gwada magani. Maganin ya kasance tsantsarsa, babu abin da ya sauya shi. A gwada shi a kan ciwo guda wanda bai cakuɗe da wani ba. A gwada shi a kan cututtuka masu saɓani da juna. Ƙarfinsa ya dace da ƙarfin ciwon, a fara da kaɗan. A lura da lokacin da aikinsa ya bayyana. Sakamakon ya riƙa maimaituwa a koyaushe ko a mafi yawan lokuta, in ba haka ba dace ne kawai. Na ƙarshe, gwajin ya kasance a jikin ɗan Adam, domin abin da ya yi wa doki ko zaki ba lallai ya yi wa mutum ba. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku auna haɗin gyaran fuska da ake tallatawa da waɗannan sharuɗɗan. Idan an kwaɓa zuma da kurkur da madara da lemon tsami da wani mai da ba a faɗi sunansa ba, an karya sharaɗi na farko, domin ba wanda zai iya cewa wanne ne ya yi aiki, wanne ya yi ɓarna. Idan shaidar ita ce hoton mace ɗaya kafin da bayan shafawa, an karya na shida. Idan kuma haɗin da aka ce na zuma ne zalla ya sa fuska ta yi fari cikin mako guda, ku tabbata akwai abin da aka ɓoye, kuma galibi sitiroyid ne ko haidirokwinon ko makuri. Sitiroyid na sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi da sababbin kuraje. Haidirokwinon idan an daɗe ana shafa shi yana iya barin baƙin da ya fi na farko wuyar magani. Makuri na lalata ƙoda da jijiyoyi, ya kuma cutar da ɗan tayi. Ibn Sina da kansa ya rubuta cewa tururin makuri na jawo karkarwa da shanyewar jiki. Garin neman gira kada a rasa ido.

Idan kuna son shafa zuma a fuska

Ku nemi zuma mai tsabta daga wanda kuka amince da shi, ko mai rajistar NAFDAC. Gwajin ashana da na ɗiga ta a ruwa da na tururuwa ba sa tabbatar da ingancinta, domin zumar da aka haɗa da ruwan sukari mai kauri na iya tsallake su.

Kafin ta taɓa fuska, ku shafa kaɗan a cikin damtse, ku wanke bayan minti 15, ku jira kwana 1 zuwa 2. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi ko ƙuraje, ku haƙura da ita. Wanda jikinsa ke yin bori da harbin ƙudan zuma ko garin fure ya fara tuntuɓar likita.

In babu matsala, ku wanke hannu da fuska, ku shafa siriri da kimanin ƙaramin cokali ɗaya a fata mai ɗan danshi, ku kauce wa idanu, ku bar ta minti 10 zuwa 15, ku ɗauraye da ruwa mai ɗumi-ɗumi, sannan ku shafa man da ba ya toshe fata. Sau 1 ko 2 a mako ya isa. Kada ku kwana da ita, don tana jawo tururuwa da ƙuda da ƙura.

Kada ku haɗa ta da lemon tsami. Ruwansa idan ya haɗu da hasken rana yana iya ƙona fata, kuma a baƙar fata ƙunar kan bar tabon da ke ɗaukar watanni. Haka ma kanwa da bakin soda da kirfa. Kada ku goge fuska mai kuraje da sukari ko gishiri, domin duk abin da ya fusata fatarmu yana ƙara mata baƙi. Ƙusɗun da Ibn Sina ya ambata don kalaf, wanda kuke gani a shagunan magungunan Musulunci da sunan ƙusɗul Hindi, shi ma yana iya sa fata ta yi bori. Kalaf, wanda ya fi fitowa mata lokacin ciki ko shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, babban abin da ke tsananta shi rana ce, don haka maganinsa na farko inuwa ne da man kariya daga rana.

Kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, kada kuma a shafa masa a leɓe ko fuska. Tana iya ɗauke da ƙwayar da ke haddasa cutar botulizim, mai shanye tsokoki har ta tsayar da numfashi. Masu ciwon suga kada su sa zumar kasuwa a gyambon ƙafa a gida, su je asibiti. Ku garzaya asibiti nan take idan leɓe ko fuska suka kumbura ko numfashi ya yi wuya. Ku ga likitan fata idan kuraje na da zurfi da zafi, suna barin rami, ko sun wuce wata 2 zuwa 3 ba sauƙi, domin akwai magunguna irin su benzoyil feroksaid da adafalin da aka tabbatar da aikinsu. Mai ciki kada ta shafa adafalin da danginsa.

Rasuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da rashi. Lokacin da rundunar Mas'ud na Gazna ta afka wa Isfahan an washe kayansa, har da babban littafinsa Al-Insaf, wanda bai sake dawowa ba. Yana tafiya tare da Ala'ud Daula a wani yaƙi sai ƙulanj, ciwon da ya yi suna wajen maganinsa, ya kama shi. Don gudun kada a bar shi a baya, ya yi wa kansa ɗurin magani ta dubura sau 8 a rana ɗaya, har hanjinsa ya yi miki. Al-Juzjani ya ruwaito cewa ya umarci a sa daniƙi 2 na irin karafs a cikin haɗin, amma likitan da ke haɗawa ya zuba dirhami 5, wato ninki 15, abin da ya ƙara masa mikin. Wani bawansa kuma ya zuba masa ofiyom mai yawa a cikin wani maganin. Ya ɗan farfaɗo, bai huta yadda ya kamata ba, ciwon ya riƙa dawowa.

Da ya ga ƙarfinsa ya ƙare a kan hanyar Hamadan sai ya daina shan magani. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya yi sadaka da dukiyarsa, ya 'yanta bayinsa, ya duƙufa kan karatun Alƙur'ani. Ya rasu a watan Ramadan na 428 Hijiriyya, daidai da Yunin 1037, yana da kimanin shekara 57. Kabarinsa na Hamadan a ƙasar Iran.

Ku dubi yadda mutumin da ya rubuta cewa a fara magani da kaɗan ya cutu ta hanyar yawan magani da gaggawar warkewa. Irin wannan gaggawar ce ke sa amarya ta shafa abu biyar a fuska mako guda kafin biki, ta wayi gari da ƙuna.

Abin da ya bari

A ƙarni na 12 Gerard na Kirimona ya fassara Al-Ƙanun zuwa Latin a birnin Toledo na Sifaniya, kuma an ci gaba da karantar da shi a jami'o'in Monfeliye a Faransa da Luben a Beljiyam har wajen 1650. An buga asalin Larabcinsa a Roma a 1593. Bai tsira daga suka ba. Imam Al-Gazali ya yi masa raddi mai zafi kan wasu ra'ayoyinsa na falsafa, Ibn An-Nafis kuma, wanda ya rasu a 1288, ya gyara masa bayanin yadda jini ke bi daga zuciya zuwa huhu a sharhin da ya yi wa littafin. Haka ilimin likitanci yake tafiya, na baya yana duba aikin na gaba yana gyarawa.

Game da zuma, abin da ya lura da shi na tsabtace miki da hana ruɓewa bincike ya gaskata shi, kuma asibitoci na amfani da shi. Abin da ya shafi tabon fuska da kuraje bai samu irin wannan goyon bayan ba. In kana da kyau ka ƙara da wanka, in ji Hausawa, kuma zuma mai tsabta sau ɗaya ko biyu a mako na iya shiga cikin wannan ƙarin ga wanda fatarsa ta karɓe ta. Amma idan abin da ke fuskarku ciwo ne, ku kai shi wurin likita tun bai bar tabo ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.